Rabon Ruwan Tiga Tsakanin Manoman Rani: Haƙƙin Na Sama da Haƙƙin Na Ƙasa

Al'amura biyu sun auku cikin 'yan shekarun nan waɗanda suka sāke lissafin noman rani a ƙasar Kano da maƙwabtanta. Na fari, ran 29 ga watan Mayu na 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haura naira 600 a watan Yuli na wannan shekara, kāna ta wuce naira 1,000 a wasu garuruwa kafin ƙarshen 2024. Duk manomin da ke ɗaga ruwa da inji ya ji wannan a jikinsa. Na biyu, tun daga 2014, sa'ad da Bankin Duniya ya yarda da rancen dala miliyan 495 domin shirin da a ke kira TRIMING, aka shiga gyaran manyan wuraren ban ruwa na Arewa, watau na Kogin Kano, da Kwarin Haɗeja, da Bakolori, da Rima ta Tsakiya, da Daɗin Kowa. Sharaɗin da ke cikin shirin shi ne a danƙa kula da ƙananan magudanai a hannun ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. A watan Satumba na 2024 bankin ya sāke yarda da wani rance na dala miliyan 500 domin ci gaba da irin wannan aiki.

Waɗannan al'amura biyu sun taru a kan mas'ala guda. Ruwan da aka daɗe ana ɗauka tamkar kyauta ya zama abu mai tsada, kuma an ce wa manoma su ne masu tsaronsa. Mas'alar ta shafi malamai, gama su a ke kai wa ƙara in rigima ta tashi a bakin magudana. Ta shafi attajirai kuma, gama su ke sayen tumatir a Kwanar Gafan, su ke ba da bashin taki, da yawansu kuma suna karɓar hayar gonaki a Kura da Kadawa.

Asalin al'amarin

A zamanin da, mai lambu da jigo ya ke ban ruwa. Kowane guga da ya ɗaga da gumin jikinsa ya saye shi, saboda haka ba a taɓa jin mai jigo ya bar ruwa yana malala a banza ba. Fangalinsa ƙanƙane ne, a daidaice, kuma ya san adadin gugan da kowane fangali ke sha.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai ruwa ya riƙa zuwa gona da ƙafarsa. Yana fitowa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar magudana, daga nan ya rarrabu cikin rassa, har ya kai ƙananan magudanan ƙasa da ke bin gefen gonaki a Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara zangon farko na aikin domin ya shayar da hekta 22,000, ko da ya ke abin da aka gama a lokacin bai kai haka ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta karɓi ragamar aikin.

A farkon zamanin hukuma ita ke yin kome. Ita ke buɗe ƙofofin ruwa, ita ke yashe magudanai, ita ke kawo tarakta. Kuɗin ruwan da aka ɗora wa manomi kaɗan ne, kuma ba kullum a ke karɓarsa ba. Da kuɗin man fetur suka ja baya cikin shekarun 1980, hannun hukuma ya gajarta, gyara ya tsaya. Manoma kuwa sun riga sun saba da cewa magudana ta gwamnati ce. Sai aka wayi gari ƙaramar magudana ba ta da uba: hukuma ba ta isa gare ta ba, manomi kuma bai ɗauke ta tasa ba.

Inda ruwan ke salwanta

Wanda ya bi magudana tun daga ƙofarta har wutsiyarta zai ga wurare huɗu da ruwa ke ɓacewa.

Na ɗaya, cikin magudanar kanta. Laka ta cika ta, ciyawa da kacala sun toshe ta, ɓeraye sun huda gefenta, wani kuma ya fasa ta da dare domin ya sha kafin layinsa. Ruwan da aka saki domin gona ashirin sai ya ƙare a ta goma sha biyu.

Na biyu, cikin gonar da ba a daidaita ƙasarta ba. In gefe guda tudu ne, ɗayan kwari, tilas mai ita ya cika kwarin har ya yi tafki kafin ruwa ya taɓa tudun.

Na uku shi ne tsoro, kuma shi ne mafi girma. Manomin da bai san ranar da ruwa zai komo masa ba, in ya same shi sai ya sha har ya wuce ƙima. Ba mugunta ke sa shi ba, rashin tabbas ne. Amma abin da ya ƙara, daga rabon na ƙasa da shi ya ɗebo.

Na huɗu, shuka abin da bai dace da ƙasar ba. An tsara aikin Kadawa ne bisa alkama da tumatir da makamantansu. Alkama tana buƙatar ruwan da zurfinsa ya kai milimita 450 zuwa 650 daga shuka har girbi. Shinkafar da a ke tsare wa ruwa tana cin abin da ya fi haka nesa, balle a ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. In mutum guda ya dasa shinkafa a bakin magudana, masu albasa goma na can ƙasa za su ji ƙishirwa.

Ga lissafi domin attajirai, waɗanda ba su yarda da magana sai da ƙidaya. Ruwan da ya kwanta a hekta guda da zurfin santimita 10, watau misalin idon sawu, lita miliyan ɗaya ne cif. Wannan daidai ya ke da duro 5,000 na lita 200. Manomin da ya ƙara santimita 5 bisa abin da shukarsa ke bukata ya zubar da duro 2,500 a ban ruwa guda. In ya yi haka sau goma cikin rani, ya zubar da duro 25,000 a hekta ɗaya tak.

Abin mamaki shi ne, na sama da ya sha fiye da ƙima bai ci riba ba. Ruwan da ya yi yawa yana wanke takin da ya saya da tsada, ya tafi da shi ƙarƙashin ƙasa. Saiwa tana ruɓewa don rashin iska. In abin ya daɗe, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, ya bushe, ya bar gishiri da kanwa fari fat a fuskar gona. Na ƙasa kuwa sai ya sayi inji da fetur ya riƙa zuƙo ruwa daga magudanar da ke kwashe ragowa. Ashe ruwan da maƙwabcinsa ya zubar shi ya ke saye da naira dubbai. Su biyun duka sun yi hasara, mai sayar da fetur kaɗai ya ƙaru.

Abin da littattafan fiƙihu suka tanada

Wannan rigima ba baƙuwa ba ce ga ma'abuta ilmi. Buhari da Muslimu sun ruwaito jayayyar Zubairu ɗan Awwamu da wani mutum daga Ansaru a kan ruwan da ke gangarowa daga Harra ta Madina. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta na sama ya shayar, sa'an nan ya saki ruwa ga maƙwabcinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ambaci iyakar da aka sa wa ruwan kwaruruka biyu na Madina, Mahzuru da Muzainibu, ita ce idon sawu. Haƙƙin na sama yana da iyaka ke nan, ba a bar shi ya sha yadda ya ga dama ba.

Shaihu Halilu, a babin raya matacciyar ƙasa na Muhtasar, ya ƙara bayani da abubuwa biyu masu fa'ida ga wannan zamani. Na fari, ana umurtar mai gonar sama ya daidaita ƙasarsa. In ba ta daidaituwa, sai a ɗauki tudunta da kwarinta tamkar gonaki biyu, kowace a shayar da ita dabam, domin kada ya tsare ruwa mai yawa da hujjar tudu. Abin da malaman gona ke wa'azi a kansa yau, fiƙihu ya riga ya mai da shi wajibi. Na biyu, fifikon na sama yana cikin ruwan da ba mallakar kowa ba ne, kamar ruwan sama da ya gangaro. Amma ruwan da jama'a suka mallaka tare, suka jawo shi da aikinsu ko da dukiyarsu, babu fifikon na sama a cikinsa. Ana raba shi bisa rabon kowa. Masu sharhi sun siffanta ma'aunin da a ke kira ƙildi: tukunya ce a ke huda gindinta, a zuba ruwa gwargwadon rabon mutum, ya riƙa sha daga magudana har tukunyar ta tsiyaye, sa'an nan a juya ruwa ga na gaba. Agogo ne na ruwa, kuma ba ya sanin attajiri ko talaka.

Ruwan Tiga da dukiyar jama'a aka tare shi, da ita aka haƙa hanyoyinsa, kuma kowane manomi ana ɗora masa kuɗi gwargwadon faɗin gonarsa. Saboda haka ya fi kama da kashi na biyu. Wanda gonarsa ta faɗo a bakin ƙofa sa'a ce ya yi, ba ƙarin haƙƙi ya samu ba. Fatawa tana ga ma'abutanta, amma wannan ƙiyasi ya cancanci malaman Kura da Haɗeja su dube shi, su karantar da shi.

Dalilin da ya sa mutum guda ba ya iya tsimin ruwa

Akwai dabarun tsimi da aka jarraba aka tabbatar. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta bayyana wata hanya mai sauƙi. A samu guntun bututu mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa, a kafa shi cikin gona, a kwashe ƙasar cikinsa. Ba a ƙara ruwa sai an leƙa an ga ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, in ban da lokacin da shinkafa ke fid da kai, wanda a ke barin ruwa a kwance. Wannan yana rage ruwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Haka kuma daidaita ƙasa, da ƙanƙanta fangali, da ban ruwa da sassafe ko da maraice, da rufe gindin tumatir da ciyawa, duk suna rage sha.

Sai dai kowace dabara cikin waɗannan tana tsaye ne bisa sharaɗi guda, shi ne manomi ya tabbata ruwa zai zo ranar da ya ke bukata. Ba mai hankalin da zai bar gonarsa ta tsane alhali bai sani ba ko magudana za ta kawo ruwa jibi ko sai bayan kwana goma. Tabbas kuwa ba ya samuwa daga mutum guda. Sai dukan waɗanda ke sha daga magudana ɗaya sun yarda da layi, sun tsare shi. Haka yasar magudana: wanda ya yashe gaban gonarsa kaɗai bai yi kome ba in na sama da shi bai yashe nasa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bakolori ta ba da darasi a nan. An gama madatsarta a kan Kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, aka tsara hekta 23,000, kashi mafi girma da injunan yayyafi, sauran da ruwa mai gangarowa da kansa. Ba a yi shawara da manoma yadda ya kamata ba, rigimar diyya ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wuta a watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka masu yawa. Bayan shekaru injunan yayyafin suka mutu, gama ba mai iya gyaransu sai hukuma. Sashen da ya rayu shi ne wanda manomi ke iya kula da shi da fartanya da shebur. Aikin da ya fi ƙarfin masu shi ba ya daɗewa.

Sharuɗɗan ƙungiyar da za ta rayu

Rubuta suna a takarda da zaɓen shugaba ba su ne ƙungiya ba. Ƙasar Hausa ta san gayya, ta san adashi, ta san Sarkin Noma tun kafin zuwan Bankin Duniya. Abin da ke raya waɗannan shi ne zai raya ƙungiyar ruwa, kuma abubuwa huɗu ne.

Na fari, layin ruwa ya zama sananne ga kowa. A rubuta shi da ajami da boko, a manna a bakin ƙofar magudana da ƙofar masallaci: ranar wane, sa'a kaza zuwa sa'a kaza. Ya kyautu wani mako a fara daga wutsiya a hauro, domin na sama ya ɗanɗana jira, ya damu da lafiyar magudana har ƙarshenta.

Na biyu, amanar kuɗi. Manomi ba ya ƙin biya in ya ga inda kuɗinsa suka shiga. A raba ma'aji da magatakarda, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowane girbi, a ware wani kashi domin babban gyara, kada a taɓa shi don biki ko tarbar baƙi. A Jamhuriyar Nijar, inda aka kafa hukumar ONAHA a 1978, ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna riƙe da wuraren ban ruwa irin na Jiratawa ta ƙasar Maraɗi da na Birnin Ƙonni, suna karɓar kuɗin ruwa bayan girbi. Abin da aka gani a can shi ne, inda aka tsare asusun gyara aiki yana tafiya, inda bashi ya taru kuwa inji in ya mutu sai a zauna jiran gwamnati.

Na uku, hukunci ya hau kan kowa. In an ci tarar talaka don ya fasa magudana, aka kau da kai daga mai hekta ashirin don yana da daraja a gari, to ƙungiya ta mutu a ranar, ko da ana ci gaba da taro. A nan ne dagatai da limamai ke da aiki, gama shugaban ƙungiya shi kaɗai ba ya iya fuskantar babban mutum.

Na huɗu ya shafi attajirai kai tsaye. Gonaki da yawa a hannun 'yan haya su ke, masu noma rani guda su tafi. Ɗan haya ba ya ganin dalilin gyaran abin da zai bari bayan wata huɗu, mai gona kuma yana birni. Maganin wannan shi ne a sa kuɗin ruwa da ranakun gayya cikin sharaɗin haya tun farko, a gaban shaidu, ƙungiya ta san wanda za ta kama.

In waɗannan sun tabbata, sai wata fa'ida ta biyo baya. Masu magudana guda suna iya shirya abin da za su shuka tare: shinkafa a ƙasa mai laka, alkama da kayan miya a mai rairayi, alkama kuma a shuka ta cikin sanyin hunturu, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Suna iya rarraba dashen tumatir tsakanin magudanai, domin kada ya nuna gaba ɗaya kwando ya faɗi warwas a kasuwa, bayan wata biyu kuma a neme shi a rasa. Wannan maslaha ce ga mai saye da mai sayarwa.

Haka al'amarin ya ke ga masu fadama, waɗanda suka bar jigo suka koma rijiyar bututu da injin fetur tun daga shekarun 1980, aka kuma ƙarfafa su da shirin Fadama daga 1993. Injin da ke aiki da hasken rana ba ya shan fetur, amma kuɗin sayensa sun fi ƙarfin mai rabin eka. Mutum biyar maƙwabta suna iya haɗa kuɗi su saya, su raba sa'o'in rana. Sai dai a kula: ruwan da ba a biya wa fetur yana sa sakaci, kuma rijiyoyin fadama guda daga tafki ɗaya su ke sha a ƙarƙashin ƙasa. In kowa ya zuƙa ba ƙima, rijiyar marar ƙarfi ce ke fara ƙafewa.

Hujjar masu suka

Akwai masu cewa wannan duk dabara ce ta gwamnati domin ta sauke nauyinta a kan talaka. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, ba a kore ta. Madatsa da babbar magudana da manyan ƙofofi sun fi ƙarfin kowace ƙungiya, kuma fashewar madatsar Bagauda a 1988 da ambaliyar Alau da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 sun nuna abin da sakaci da manyan ayyuka ke jawowa. In hukuma ba ta saki ruwa a ranar da ta yi alkawari ba, layin da manoma suka rubuta ya zama takardar banza. Saboda haka alkawarin fuska biyu gare shi: manoma su biya, su yashe, hukuma kuma ta kawo ruwa a kan lokaci, ta sanar tun da wuri in za ta rufe domin gyara. Amma ƙungiya mai ƙarfi ita ce kaɗai ke iya tsayawa gaban hukuma ta nemi wannan haƙƙi. Manomi guda in ya je ofis, a bakin ƙofa za a sallame shi.

Sa'an nan akwai na ƙasa da ba a gani. Ruwan da ya wuce Kano shi ne ke zama Kogin Haɗeja, ya shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Tun da aka tare Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar damina da masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama ke dogara gare ta ta ragu, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Hukuncin na sama da na ƙasa bai tsaya tsakanin gona da gona ba, ya kai tsakanin lardi da lardi. Duron da aka zubar a banza a Kura, wani ne aka hana a Yobe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin yasar magudana da rubuta layi da karɓar kuɗi shi ne bayan kaka, kafin a buɗe ƙofofin rani. Gyaran da aka yi da rancen ƙasashen waje bashi ne da jikoki za su biya, kuma in aka bar magudanan suka koma yadda su ke a da, za a biya bashin babu ruwan. Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya ba manoma haƙuri da juna, ya sa albarka cikin rani da damina.